Yadda Muka Rufe Sunaye a Littafin Kawu

Matso kusa ki ji, 'yar'uwa. In kuma namiji ne ya tsinci takardar nan, kai ma samu wuri ka zauna, ba za a kore ka ba, amma ka sani da ku za a yi. Labarin wani tsohon littafi ne da ya kusa jawo mini asarar akwati guda.

Ni ba mai yawo ba ce. Tun da aka kawo ni gidan nan a Daura, in kin gan ni da mayafi to biki ne, ko suna, ko ta'aziyya, ko asibiti. Karatuna aji shida ne na firamare, sai Islamiyya, har yau kuma da yatsa nake bin layi. Abin da Allah ya ba ni shi ne kunne. Mace ta shigo gidana ta yi magana sau biyu, bayan ta fita zan maimaita miki ita har da yadda take jan hanci kafin ta fara gulma. Ina jin shi ya sa babu littafin da ya kama ni kamar na wasan kwaikwayo. Ba ruwansa da dogon bayanin yadda gari ya waye da yadda tsuntsaye suka yi kuka. Suna a gefe, magana a gabansa. Wane ya faɗa, wance ta mayar masa. Kamar kina tsakar gida kina shara, maƙwabta suna yi ta bayan katanga.

Wanda ya saba mini da su kawuna ne, yayan mahaifiyata, wanda ya tsufa yana koyar da Hausa a sakandare kafin ya yi ritaya. Yana da wani akwatin ƙarfe irin na 'yan makarantar kwana, cike da tsofaffin littattafan wasan kwaikwayo, waɗanda aka yi jarrabawa da su tun ba a haife ni ba. Takardunsu sun yi ja kamar an tsoma su a shayi, wasu da zare da allura aka ɗinke bayansu. Dokarsa ɗaya ce: guda yake bayarwa, sai an dawo da shi yadda aka karɓa sannan wani ya fito. In na kai masa, sai ya riƙe shi ta baya ya karkaɗe ko wani shafi zai faɗo, sannan ya kai hanci ya ji ko an ajiye shi kusa da daddawa.

Na taɓa tambayarsa ko zan iya ba maƙwabta. Ya ce, "Ki ba duk wadda za ta karanta, don haka aka buga shi. Amma ni ban san su ba, ke na sani."

Shi ke nan na samu hanya. Mai kai mini su gida-gida kuwa ita ce mai kitson unguwarmu, wata dattijuwa da muke ce wa Iya. Ko baƙi ɗaya ba ta sani ba, amma duk wasan da ya bi ta hannunta sai ta haddace shi. Littafin yana cikin jakarta tare da kibiyar kitso da man shafawa. In ta zaunar da mace ta danƙwafar mata da kai, ai dama ido ƙasa yake kallo, sai ta tura mata littafin a cinya ta ce, "Ci gaba daga inda ta jiya ta tsaya." Mace tana karatu da ƙarfi, ana jan gashinta, sauran matan gida suna tsinkar zogale suna saurare. Wani lokaci ba ki sani ba ko ihun na cikin wasa ne ko na zafin kitso. In kitso ya ƙare wasa bai ƙare ba, sai Iya ta bar mata shi kwana biyu ko uku. Kuma ba Daura kaɗai ba. Duk bikin da aka kira ta kitson amarya, Zango ne ko Mai'adua, da littafin take hawa mota.

Haka muka yi shekaru lafiya lau. Iyakar ɓarnar da aka taɓa yi mini ita ce wani jariri da ya tsotse kusurwar bangon wani littafi, shi ma na datse da almakashi Kawu bai gane ba.

Sai shekarar da yanar ido ta rufe wa Kawu gani. Ɗansa da ke aiki a Katsina ya ce zai ɗauke shi ya koma can kusa da asibiti. Ya kuma ce tsoho zai ɗauka, ba akwatin kyankyasai ba. Sai ya zama akwatin yana neman mai riƙo, mu biyu kuma muka sa rai: ni, da wani tsohon ɗalibin Kawu da ya zama shugaban makaranta, mai kabad na gilashi da makulli a ofis.

Wata Lahadi na je gaishe shi, Kawu ya ce, "Asabar mota za ta zo. Ke da shugaban makaranta kowa yana riƙe da littafina guda. Ku dawo mini da su ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Wanda na ga ya fi iya riƙo, shi zai ɗauki akwatin."

Na ce, "To, Kawu." Amma littafin da yake cewa yana hannuna, rabona da ganinsa wata huɗu.

Wasan na wani tela ne da alƙali ya ba shi ɗinkin babbar riga. Ya gama, ya wanke, ya shanya, bunsurun maƙwabcinsa ya zo ya cinye hannun dama. Mutum biyar ne manya a ciki: telan, da matarsa mai baki, da mai bunsuru wani tsoho mai taurin kai, da alƙalin da dole ya yi shari'a a kan rigarsa, da wani wanzami da ya ga komai amma sai an ba shi shayi yake tunawa. Kowannensu da sunansa na yanka, sunayen nan namu da babu unguwar da za ki shiga ba ki samu uku-uku ba.

Na kira Iya a waya na ce ko ya tsallaka iyaka ne a nemo mini shi. Ranar Laraba da hantsi ta shigo, ta ajiye shi a kan tabarma, ta ja da baya kamar wadda ta kawo mugun saƙo. Tun kafin in taɓa na ga ya yi ƙiba. Littafin da ya fita siriri ya dawo ba ya ko rufuwa.

Na buɗe. Na yi salati.

Duk inda sunan tela yake, a gefe ne ko a tsakiyar magana, an yanko 'yar takarda kamar ƙumba an manna da ƙaro, an rubuta "Maigida". Sunan alƙali an shafe shi da jan farce, ja wur, a samansa an rubuta "Maigida" shi ma da biro. Matar tela an dulmiye sunanta da tawadar allo, an sa "Inna". Mai bunsuru kuwa ba a wahalar da kai ba, reza aka sa aka fafe sunan, shafi duk ya koma tagogi, a gefen kowace taga an rubuta "Yaron nan". Wanzami kaɗai ya tsira da sunansa.

Na ce, "Iya, mene ne wannan?"

Ta ce, "Ni kike tambaya? Na san baƙi ne? Ni dai na ji jakata tana ƙara nauyi."

"Wa ya fara?"

Ta nuna katanga da haɓa.

Na taka turmi na leƙa, na ƙwala wa maƙwabciyata kira. Maman 'Yan Biyu muke ce mata, mijinta bakaniken babur ne. Ta zagayo hannunta duk kumfar wanki. Da ta ga littafin a buɗe ko a jikinta.

Ta ce, "Ke kin san abin da littafin nan ya jawo mini kuwa? Ai ni ya kamata in kawo miki ƙara."

Na ce, "Faɗi in ji."

"Iya tana mini kitso, kaina a ƙasa, surukata tana can gindin darbejiya tana gyaran wake. Ni kuma na shiga wasan sosai, na zama matar tela. Tun farko ina kiyayewa, duk inda na ga sunan sai in ce telan. Da aka zo wajen faɗa, ai ban ƙara ganin gabana ba. Kawai na ɗaga murya na kira sunan, gatsal, na ce kai maƙaryaci ne, tun da na aure ka ban ga alkawarin da ka cika ba!"

"Sunan baban 'yan biyu?"

"Shi fa! Shekara goma sha huɗu bakina bai taɓa furta shi ba. Kuma a daidai lokacin ya turo babur cikin gida da ledar cefane. Ya tsaya cak ya ce, ni? Surukata ta saki tiren wake tana salati. Na ce wallahi littafi ne. Ya ce wane littafi ne ya san zancen keken ɗinkin da na ce zan saya miki?"

Iya ta ce, "Ni kuwa ban saki gashin ba, saura layi uku in gama."

Maman 'Yan Biyu ta harare ta, ta ci gaba. "Kwana biyu bai ci tuwona ba. Shi ne na ce ba za a sake ba, na jiƙa ƙaro na bi na rufe. Yini guda na yi a kai. Ai taimakon na baya na yi, kamata ya yi ki gode mini."

Ba sai na gaya miki ba, mace a wajenmu ba ta kiran sunan miji, ko na suruki, ko na ɗan fari. A hira abin da sauƙi, harshe ya saba kaucewa. Amma wasan kwaikwayo kowane layi da suna yake farawa, kamar shinkafa mai tsakuwa, duk loma sai kin yi hattara. Ni abin bai taɓa kama ni ba, don a zuci nake yawan karatuna. Ban taɓa kawo wa raina abin da yake faruwa da masu karantawa a gaban surukai ba.

Sauran labarin Iya ce ta ƙarasa. Daga gidan Maman 'Yan Biyu littafin ya tafi Zango wajen ƙanwata da ke aure can. Ta buɗe ta ga an rufe sunan tela da kyau, sai ta ɗauka haka dokar littafin take, kowa ta rufe nata. Alƙali sunan mijinta gare shi, ba ta da ƙaro, sai jan farcen da ya rage na biki. Ya dawo Daura ya shiga gidan wani malamin allo a bayan layinmu, matarsa ta tarar matar tela sunan uwar mijinta ne da ita, ga tawada kuwa a gidan kamar ruwa. Daga nan sai Mai'adua, wajen matar wani mai safarar hatsi, wadda mai bunsuru ya ci sunan ɗanta na fari. Ita ce mai reza. Ba ta lura ba duk tagar da ta buɗe a gaba tana tafiya da ƙarshen maganar wani a bayan shafin.

Na ce, "Wadda ta karanta ƙarshe fa, ta gane wani abu?"

Iya ta ce, "Wata amarya ce. Ta ce wasan ya yi daɗi amma kada a ba yara. Wai Maigida ya auri Innarsa, ya kai kansa ƙara gaban kansa, ga wani yaro mai jikoki yana ta yi wa manya rashin kunya."

Maman 'Yan Biyu ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ni ban yi ba. Akwatin nake gani yana shiga kabad.

Ranar Alhamis na tara masu laifin da ke kusa, ita da matar malam, na ce yadda kuka ɓata haka za ku gyara. Maman 'Yan Biyu ta ce tururi yana sakin ƙaro. Tukunyar da ke kan wuta ta miyar kuka ce, a kanta muka kara shafi guda. Takardar ta saki, gaskiya, amma ta tafi da sunan manne a bayanta. Shafin ya yi laushi ya kumbura, ya kwashi ƙamshin daddawar nan da Kawu ya fi tsana a duniya.

Matar malam ta ce to a sake rubuta sunayen, kowa ta rubuta wanda ba nata ba. Na ce madalla. Ta ɗauki biro ta fara rubuta sunan tela a kan 'yan takardun. Ta yi uku, Maman 'Yan Biyu ta fizge biron.

"Tsaya, malama. Zama zan yi ina kallo kina rubuta sunan mijina sau ɗari? Har da wani lanƙwasa masa wutsiya?"

"Haka rubutuna yake."

"To ki kai shi gidanku."

Sai da na raba su. Da maigidana ya dawo sallar azahar na roƙe shi ya biya ta kasuwa wajen mai sayar da littattafai, ko za a dace da wani. Ya dawo da la'asar ya ce mai shagon ya ce tun da ya gaji shagon daga babansa bai sa shi a ido ba.

A nan ne wani tunani ya zo mini wanda har yau ina jin kunyarsa. Na ce a raina, ai Kawu ba ya gani. Na ɗora turmi a kan littafin ko zai rage ƙiba, na naɗe shi a sabon ɗankwali, na yi ta istigfari amma ban fasa ba.

Ranar Juma'a na tarar da shi a rumfar tsakar gida a kan buzu, da baƙin tabarau. An riga an jawo akwatin bakin ƙofa an ɗaure shi da igiya. Shugaban makaranta ya zo ya tafi. Ga littafin da ya dawo da shi nan a gefen Kawu cikin leda, ko kusurwa ɗaya ba ta lanƙwashe ba.

Na durƙusa na ce, "Kawu, barka da Juma'a."

"Barka kadai, 'yar nan. Kin kawo?"

Na miƙa da hannu biyu. Ya warware ɗankwalin, ya ɗora littafin a tafin hannu kamar mai awon nama.

Ya ce, "Me kike ba shi ya yi ƙiba haka?"

Ya kai hanci.

"Kuka. Da daddawa. Da ƙaro. Wannan kuma warin mene ne kamar fenti?"

Na ce, "Kawu, ya jikin?"

"Jiki da sauƙi. Buɗe inda ake shari'a ki karanta mini. Abin da ke rubuce za ki karanta, ba abin da kika tuna ba. Na tsufa ina koyar da shi, in kika ƙara ko kika rage zan sani."

Na buɗe, na sa yatsa, na fara da murya kamar ta mai zazzaɓi. "Maigida ya ce, kai ne ka shanya rigar? Maigida ya ce, ni ne, Allah ya gafarta malam. Maigida ya ce, ina mai bunsurun? Yaron nan ya ce, ga ni, kuma ko jikana ya san bunsuruna ba ya cin..." Na tsaya.

"Ba ya cin me?"

"Nan taga ce, Kawu."

"Taga."

"E."

"A cikin littafina."

Daga nan ban ga amfanin ɓoye-ɓoye ba. Na kwashe komai na gaya masa, tun daga babur da ledar cefane har zuwa reza, har da tukunyar miya, har da tunanin da na yi cewa ba ya gani. Yana zaune bai motsa ba. Baƙin tabarau kuwa ba ya nuna miki ko mutum fushi yake ko barci.

Can ya ce, "Ci gaba. Yanzu wanzami zai shigo."

Sai a lokacin abin ya faɗo mini a ka. Wanzamin nan da ya tsira da sunansa, sunan Kawu gare shi. Na san haka tun karatun farko, amma a zuci na wuce shi, ban taɓa zaton wata rana zan zauna gaban mai sunan in karanta da baki ba.

Na ce, "Wanzami ya ce..."

"Haka aka rubuta?"

"Mai sunan Kawu ya ce..."

"Shi ma an rufe shi?"

"A buɗe yake."

"To karanta abin da ke wurin."

Mahaifiyata da suka sha nono ɗaya, Yaya take ce masa har ta koma ga Allah. Ni ce zan zauna a gabansa, gemunsa fari fat, in kira shi kamar wani abokin wasana?

Na ce, "Kawu, ba zan iya ba."

"Littafi ne fa. Ba ni kike kira ba, wanzami kike kira."

"Na sani."

"In na ce akwatin can yana kan kalmar nan guda ɗaya fa?"

Na juya na dubi akwatin. Akwai fiye da rabi a ciki da ban taɓa buɗewa ba. Na tuna matan da ke jiran Iya da jakarta. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, harafin farko ya zo har kan harshe ya juya ya koma.

Na ce, "A kai wa shugaban makaranta, Kawu. Kabad ɗinsa da kyau."

Sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Na ɗauka tari ne, na miƙe zan ɗebo ruwa. Ashe dariya ce. Ya yi ta har ya cire tabarau yana share ido da hannun riga.

Ya ce, "Zauna. Akwai wani wasa a akwatin can, tsohuwar cikinsa sunan kakarki, mahaifiyata, gare ta. Duk shekarun da na koyar da shi, Tsohuwa nake ce mata a aji. Wata shekara aka tambayi sunanta a jarrabawa, ajina kaf suka rubuta Tsohuwa. Sai da aka kira ni ofis."

Na fara murmushi.

Ya ɗaure fuska ya ce, "Amma ni ban sa reza ba."

Na mayar da murmushin inda na ɗauko shi.

Ya miƙo hannu na ba shi littafin a buɗe. Ya shiga shafa gefen shafin da ɗan yatsa, a hankali, daga sama zuwa ƙasa. Ya tsaya a wani wuri.

"Wannan mai tudun, tela ne?"

"Shi ne."

"Mai santsin nan fa?"

"Alƙali. Jan farce ne."

"Rami mai bunsuru. Wannan da takardar ta yi kaushi matar tela. Inda babu komai kuma ni ne."

Na ce, "Haka ne, Kawu."

Sai ya mayar da yatsan saman shafi ya fara. In ya taɓa santsi ya yi muryar alƙali, mai nauyi, ta mutumin da rigarsa ke ci masa rai amma yana son a ga adalcinsa. In ya taɓa tudu ya koma tela mai rantse-rantse. Da yatsan ya faɗa rami ya zama tsoho mai taurin kai, ya cike tagar da abin da reza ta tafi da shi, ashe shuɗi ne bunsurun ba ya ci. Ya juya shafi da kansa, ya ci gaba. Ko sau ɗaya bai rikita Maigida da Maigida ba. Ni mai taƙama da kunne na zauna baki buɗe, ban taɓa sanin Kawu ya iya muryar mace ba.

Da ya kai ƙarshen shari'ar ya rufe littafin ya ɗora a cinya.

Sannan ya ce, "Wata shida rabona da in bi shafi da kaina."

Ban san abin da ake cewa a irin wannan wuri ba, sai na ce, "Allah ya ba da lafiya."

"Amin. Wannan zai bi ni Katsina, ba zai koma akwati ba. Shugaban makaranta zan ba shi guda biyar da na san ba su da na biyu a ƙasar nan, su je su huta a gilashi. Sauran ki sa a ɗauka."

Na fara godiya, ya ɗaga hannu.

"Ban gama ba. Daga yau fensir. Duk mai sunan da ya fi ƙarfin bakinta ta ja masa layi da fensir, in ta gama ta goge. Ban da ƙaro, ban da fenti, ban da tawada, ban da tukunya. Matar Mai'adua kuwa a karanta mata daga nesa, kada a ba ta a hannu."

A kurar 'yan dako aka kawo mini akwatin, yana nan ƙarƙashin gadona. Kowane littafi na ɗaura masa guntun fensir da zare, Iya tana ta mita wai suna soke mata jaka. Ta Mai'adua ta aiko a ba ni haƙuri, ta haɗo da tiyar gero, na karɓi geron.

To ga abin da ya sa na ce ki matso. Da na zazzage akwatin don in shanya littattafan, a can ƙasa na samu wani siriri da ban taɓa gani ba. Wasan wani mai cika baki ne, wanda kullum a majalisa yake ba da labarin yadda ya kori ɓarayi shi kaɗai, alhali a gida in ƙadangare ya faɗo daga rufi matarsa yake turawa gaba. Duk akwatin babu mai daɗinsa, na yi dariya har cikina ya ƙulle. Amma sunan maigidana gare shi, kuma babu shafin da ba ya ciki. Ni zan iya jan layi da fensir. Sauran matan unguwa kuwa babu abin da ya hana su kiran sunan, da ƙarfi, a tsakar gida, kuma katangarmu gajera ce, Maman 'Yan Biyu kuma ba ta iya karatu a hankali ba. Iya ta gan ni ina tura shi ƙarƙashin matashi, duk mako sai ta tambaya, "Siririn nan fa, yaushe zai fito?"

Ke da kika ji komai, in ke ce, za ki sa shi a jakar Iya ko za ki bar shi ƙarƙashin matashi?